Ƙawancen Da Bai Raba Taliya Ba

Babu zaɓen da za a yi a duniya Malam Haladu bai san sakamakonsa ba tun kafin a buɗe akwati. Da bakinsa ya faɗa, kuma tunda ya taɓa yin kansila a Utai, ba a musa masa.

'Yarsa Mas'uda ta fara ganin Ikrima ne a kasuwar Wudil ranar Juma'a. Hutu ya zo daga Italiya, inda yake aiki a gonar madara. Ya tsaya kallonta har saniya ta take masa ƙafa bai sani ba.

Da ya koma, hotunan da yake turo mata suka zama na liƙa fasta: zaɓen yankinsu ya matso, jam'iyyu biyar sun yi ƙawance, shi kuma kullum Rosa ce a bakinsa. Yahuza, abokin takararsa a wajen Mas'uda, wanda ya sauya jam'iyya sau uku, ya ce wanda ba shi da ƙuri'a ba ya wahalar fasta sai da mace a ciki.

Maganar ta zauna mata. Ta tura masa: "Wace ce Rosa?"

"Haba sanyin idona, 'yar takararmu ce, ta girmi Inna. Sun yi alkawarin gidaje ga ma'aikatan gona masu iyali. Ɗakinki nake wa kamfe."

Ta ce ya turo hoto. Sai da ta ƙara girmansa ta tabbatar furfurar ba ta kanti ba ce.

Malam Haladu kuwa abu ɗaya ya tambaya: me suka raba? Aka ce ba komai.

"A ƙasar taliya, ko leda ɗaya? Yaron nan ko maƙaryaci ne ko wawa."

Ya rantse a majalisa cewa ba za su ci ba, in kuwa suka ci ya ba Ikrima Mas'uda, bijimin walima ma daga garkensa.

Mas'uda, da ko zaɓen kansila bai taɓa damunta ba, ta wuni riƙe da waya ranar ƙidayar ƙuri'u. Da la'asar saƙo ya shigo: "Mun ci da kyar, amaryata."

Yahuza ya ce maguɗi ne, sannan ya shiga abokan ango.

Aka ɗaura aure, aka yi ta fatan zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Gidajen dai har yanzu alkawari ne. Malam Haladu ya shaida wa jama'a cewa dama ya hango nasarar. Da hantsi ya kwance bijiminsa ya miƙa wa mahauci igiyar.