Baƙon Bayan Gwiwa

Magariba ta kawo kai, haske ya fara janyewa daga shagon da ke jikin gidan. Tela yana cikin taka keken ɗinkinsa sai ƙafar dama ta ƙi motsi. Ya kai hannu bayan gwiwarsa, yatsu uku suka nutse cikin wani rami mai sanyi. A daidai lokacin dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Gidan ya yi tsit. Wani ya sake faɗowa.

To jama'a, mutum kamar Tela, wanda ko shara zai zubar sai ya duba madubi, a ce ƙafarsa ce ta lotsa? Ai an zalunce shi. Kwana huɗu bai taka keke ba, ɗinkin mutane ya taru, alhali da wannan ƙafar gidan ke ci. Ya zargi telan tsallaken titi, wanda ya cika gaishe shi da fara'a. Ya zargi surukarsa. Har matarsa ya fara bi da ido in ta miƙo masa ruwa.

"Maigida, ni kake wa wannan kallon?" in ji ta.

"Na ce wani abu ne?"

"Idonka ya ce."

Ita ta kira malami. Ya iso da yamma lis, ya zauna a tsakar gida, ya dafa gwiwar, ya yi karatu mai tsawo. Iska ta tsaya. Sai bakin Tela ya buɗe, wata tsohuwar murya ta fito.

"Malam, sassauta. Ba ni na haƙa ba, a haƙe na samu."

"Me ya kawo ka jikin bawan Allah?"

"Shekara ashirin ina zaune ƙarƙashin tsohuwar kujerarsa. Ya jefar da ita bayan shago, ya sayo mai juyawa don masu wucewa su gani. Ina zan nufa? Duwatsun ma sallama nake yi, ba a amsawa."

"To wa ya haƙa ramin?"

Tela yana ji. Ya so ya dantse leɓe, amma bakin ba nasa ba ne a lokacin.

"Shi da kansa. Wata uku ke nan rabin abincinsa kyanwar maƙwabta ke cinyewa. Akwai wani wando na samartaka a ƙasan akwati, ya rantse sai ya shige shi. Naman ƙafa ya zube, jijiyoyi suka miƙe, ɗaki ya samu."

Matar ta riƙe haɓa. "Wandon nan mai ruwan toka? Ni kuma ina can ina kukan girkina ya lalace!"

Malam ya dubi gwiwar ya ce wa baƙon, "Fita."

"A mayar mini da kujerata. A shimfiɗa mini wandon a ƙarƙashinta, ƙasan akwai sanyi."

Aka yi haka. Tela ya yi atishawa sau uku, ƙafar ta ɗauki ɗumi. Abin da ya fara gani shi ne wandonsa a ƙasa, ƙafar kujera ta danne shi.

Matar ta dire masa kwano cike, ta zauna gabansa.

"Cinye, Maigida. In ramin nan bai cike ba, wani baƙon zai tare."

Washegari keke ya ci gaba da kuka. Har yau in ka tambayi Tela, zai rage murya ya nuna maka tsallaken titi da baki. Amma kyanwar maƙwabta ta rame.