Dallatu da Garken Ɓauna

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Ƙarfe tara na safe, baƙin masaukin suna tsakiyar shan shayi a rumfa. Kofuna suka tarwatse. Dallatu ya haye tebur da bindiga. Yaronsa Lawan ya bi mutane da buhu — waya, agogo, zobe, duk ya zube ciki. Zailani yana tsaye bakin ƙofa, amma ba baƙin yake kallo ba. Ƙeyar Dallatu yake kallo.

Shekara uku ke nan da Dallatu ya tare hanyar Kunci ranar kasuwa, ya harbe wani mai sayar da raguna, Malam Balarabe, don kawai ya ƙi sakin igiya. Mahaifin Zailani ne. A lokacin Zailani yana nan gandun namun daji, yana aikin raka masu kallo. Ya koma garinsu Minjibir ya tarar da kabari. Bai yi kuka ba. Ya nemi Dallatu har Tsanyawa ya shiga cikin yaransa, kuma a shekarun da mudun gero ya gagari talaka, samari nawa ne suka shiga harkar banza? Ba wanda ya tambaye shi ɗan wane ne shi.

A cikin wata gonar dawa Zailani ya kawo wa Dallatu shawarar, da la'asar.

"Oga, akwai wani masauki mai araha a bakin gandu. Bukkoki takwas ne, maigadi ɗaya, tsoho tukuf. 'Yan birni na zuwa da manyan wayoyi."

"Ka san wajen?"

"Kamar yunwar cikina."

Kwana biyu suka yi a matsayin baƙi. Maigadin, Baba Ɗan'auta, wanda ya koya wa Zailani sawun kowace dabba, ya rungume shi har da ƙwalla, ya ba su bukkar da ba ta yoyo. 'Yarsa Fadima, mai dafa abincin masaukin, tana ƙara musu nama. Shi kuwa Dallatu bai bar mita ba: gidan sauro a huje, janareta awa biyu, biri ya sace masa burodi. Marar mutunci dai ko aljanna ka kai shi sai ya kushe.

Yanzu ga tsohon ya taho da sandarsa, yana haki.

"Zailani! Kai ka kawo mana wannan? Kai?"

"Baba, koma! Don Allah koma —"

Tau!

Tsohon ya durƙusa, ya kife. Fadima ta ƙwalla ƙara daga madafa. Wannan ba ya cikin abin da Zailani ya tsara.

"Surutunsa ya yi yawa," in ji Dallatu. "Mu ware!"

Direban motar kai baƙi kallon dabbobi yana dawowa daga shan mai ya ji ƙarar bindigar. Ya ja birki, ya ɗauki oba-oba ya kira 'yan sanda. Kafin minti goma Sufeto Ja'afaru ya cika mota da 'yan sanda da masu gadin gandu.

"Hanya nawa ce ke fita daga masaukin?" ya tambayi direbansa.

"Ɗaya ce tal, ranka ya daɗe."

"To, taka ta!"

A tsakar masauki Lawan ya murɗa makullin motar da suka zo da ita. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru! Ina za ta tashi, tun da asuba Zailani ya tsinke mata waya.

"Oga, ta ƙi! Ga jiniya can!"

"Ku biyo ni," in ji Zailani. "Akwai hanyar ƙafa ta fadama. Awa ɗaya mun fita titi."

Suka faɗa daji. Ciyawa ta fi su tsayi. Mutanen da suka tashi inda gona ke manne da gona, ba su taɓa ganin abin da ya fi dila ba, sai waige-waige suke yi. Zailani yana gaba, yana duba kashi ɗanye a ƙasa, yana bin sa. Ya lura da inda iska ke kaɗawa, ya bi da su ta inda za ta kai warinsu ga dabbobin da yake bi.

Ciyawar ta buɗe. Ga su nan a bakin ruwa, baƙaƙe wuluk, sun fi arba'in, 'yan maruƙa a tsakiya. Duk sun ɗaga kai.

"Kai, mene ne wannan?" Lawan ya raɗa.

"Ɓauna. A kan hanyarmu suke. Oga, ko mu koma?"

Dallatu ya yi dariya. Da satar shanu ya fara sana'a, kuma ba ya gajiya da faɗa.

"Mu koma wajen 'yan sanda saboda shanu? Ni da na kora garke guda daga Kunci ni kaɗai? Matsoratan banza!"

Ya karya reshe, ya nufe su yana kaɗawa, yana tsawa irin ta makiyaya. "Hai! Hai!" Babban namijin bai matsa ba. Dallatu ya ɗaga bindiga ya harba sama.

Zailani tuni ya kai rassan wata kanya.

Ƙasa ta girgiza. Namijin ya sunkuyar da kai ya taho. Dallatu ya harba — ya sake harbawa — kamar yana jifan bango da tsakuwa! Ƙaho ya ɗaga shi sama, ya faɗo, garken ya bi ta kansa. Lawan ya yar da buhu ya zura a guje. Bai yi taku ashirin ba suka cim masa.

Da ƙura ta lafa Zailani ya sauko. Dallatu yana numfashi da ƙyar, ƙirji a rotse.

"Ɗauke ni... shege... ɗauke ni..."

Zailani ya tsuguna dab da kunnensa.

"Ka tuna mai raguna na hanyar Kunci? Malam Balarabe sunansa. Ni ya haifa."

Ya zauna yana kallo har idon ya kafe. Ya jira daɗin da ya yi shekara uku yana jira. Bai zo ba.

A nan Sufeto Ja'afaru ya same shi zaune, hannu a miƙe.

Gawa uku aka jera a tsakar masauki. Baƙi suka kwashe kayansu, wasu ko shayin ba su ƙarasa ba. Ana tura Zailani bayan mota da ankwa, Fadima ta iso, zanenta jiƙe da jinin ubanta. Idonta a bushe yake.

"Fadima, wallahi ban yi nufin —"

"Ban tambaye ka ba. Shekara nawa za su ba ka?"

"Ban sani ba."

"In sun sake ka, Minjibir za ka koma?"

Ya ɗaga kai ya dube ta.

"Me za ki yi da sani?"

"Ko shekara talatin ce," ta ce, "zan jira ka, yadda ka jira Dallatu."