Hayaƙin Korar Sauro

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, an yi wata yarinya 'yar aji huɗu a Kwandiko. Gidansu ɗaya da kakanta, Malam Buba mai shanu.

Malam Buba ya shekara talatin yana shan taba. Har ta kai daga ɗaki zuwa garke sai ya tsaya sau biyu yana haki. Aka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ce hayaƙi ya lalata 'yan jakunkunan iska na cikin huhunsa. Iska tana shiga, amma fitarta da wuya. Ciwon ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Ya ba shi magani, ya ce ya bar taba, ya guji kowane irin hayaƙi.

Yarinyar tana makaranta a ranar. Maganar taba kawai ta ji.

Damina ta yi nisa, sauro ya yi yawa. Kullum da yamma kawunta Haladu yakan hura wuta a garke, ya ɗora ɗanyen ganye, hayaƙi ya kore wa shanu sauro.

Wata rana bayan la'asar ta tarar da kakanta yana barci, sauro ya baibaye masa ƙafa. Tausayi ya kama ta. Ta ce a ranta, "Shanu ma ana yi musu, balle Kaka!"

Ta zuba garwashi a kasko, ta ɗora ganye, ta ajiye a ɗakinsa. Ta ja ƙofa don kada hayaƙin ya tafi a banza.

Ba a jima ba aka ji tari. Haladu ya banke ƙofa, ya fito da tsohon waje. Leɓensa ya yi duhu, ko magana ba ya iyawa.

Haladu ya zaunar da shi, ya ɗan sunkuyar da shi gaba. "Baba, ja numfashi ta hanci. Fitar ta baki a hankali, kamar kana hura kunu."

Inna Hapsatu, uwar yarinyar, ta kawo maganin. Yarinyar tana tsaye tana kallo. An daɗe kafin numfashin ya daidaita.

"Wa ya kai kaskon nan?" in ji Inna.

"Ni ce, Inna. Sauro na so in korar masa." Sai kuka.

"Ba ki san likita ya hana shi hayaƙi ba?"

"Na zaci na taba kawai."

Malam Buba ya yafito ta. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Amarya, da sauron da angon kika so ki gama da mu?"

Ta yi dariya da hawaye a fuska.

Ranar kasuwa Haladu ya sayo gidan sauro a Gwaram. Ita ta ɗaura shi da hannunta. Daga ranar ta gane cewa mai ciwon huhu dole ya guji hayaƙi, na taba ko na itace. Kuma kafin ta taimaki mara lafiya, sai ta fara tambaya.