Kaset ɗin Fasto Alton

"Zauna mana, yarinya, kujerar ba ta cizo," in ji Mama Opal, ba tare da ta juyo daga gaban murhu ba.

Darla ta ja kujera ta zauna a ɗarare. Yau ne zuwanta na farko gidan su Garrett, bayan shekara uku suna soyayya a kwalejin Littafi Mai Tsarki. Tafiyar awa biyu suka yi cikin duwatsun jihar Kentucky ta Amurka da safiyar Lahadin nan, kuma tun a mota ta tuna masa cewa yau zai gaya wa mahaifiyarsa suna gama karatu za su yi aure. Garrett bai taɓa ɓoye mata ba: muddin uwarsa ba ta sa albarka ba, ba zai auri kowa ba. Alkawarin da ya yi wa mahaifinsa ke nan a gadon asibiti, yana ɗan shekara goma sha ɗaya.

Tsohuwar ta dire farantin ƙwai da burodin masara mai zafi, ta ƙare wa baƙuwar kallo.

"Me kike karantawa a can?"

"Ilimin addinin Kirista, Mama. Ɓangaren koyar da yara, makarantar Lahadi da sauransu."

"Yara?" Ta taɓe baki. "To kin yi ɓatan hanya. Mu nan ba mu da yara. Tun da aka rufe ramin kwal kowa ya kwashe nasa ya yi gaba."

Garrett ya gyara murya. "Mama, dama akwai maganar da—"

"Sai bayan sujada." Ta ciro wata baƙar kwat daga bayan ƙofa, tana ta warin kafur. "Miƙo hannunka, Alton."

"Garrett ne, Mama."

"Na sani mana, ba ni na haife ka ba?"

Kwat ɗin ta zauna masa cif kamar don shi aka ɗinka. Alton sunan marigayi mahaifinsa ne, faston cocinsu.

Cocin na can ƙarshen kwari, fari, ɗan ƙarami. Mutum tara Darla ta ƙirga a ciki, duk furfura. Ta yi ta raba ido tana neman mai wa'azi ba ta ga kowa ba. Sai ga Mama Opal ta hau mumbari rungume da wata tsohuwar rakoda, ta ajiye ta, ta danna, ta dawo ta zauna.

"Barkanku da safiya, 'yan'uwa!" wata murya ta cika ɗakin.

"Barka dai, Fasto!" tsofaffin suka amsa.

Darla ta waiga da sauri. Muryar Garrett ce sak, har yadda yake jan numfashi — amma ga Garrett zaune a gefenta! Mai maganar kuwa shekararsa goma sha ɗaya kwance a maƙabartar da ke bayan taga. Da aka ɗauko waƙar yabo, muryoyi fiye da sittin suka fito daga rakodar, mutum tara suka bi su a baya. A tsakiyar wa'azi wata mata ta yi tari a cikin kaset ɗin. Kawu Virgil, dattijon da ke bencin gabansu, ya miƙa hannu ya shafa wurin zaman marigayiya matarsa, inda babu kowa yanzu, ya ce a hankali, "Sannu, Hazel." Darla ta juya don ta riƙe hannun Garrett, sai ta ga leɓunansa na motsi, suna bin wa'azin kalma da kalma.

Can wajen ƙarshe Mama Opal ta ɗaga hannu. Nan take kowa ya ɗauke numfashi. Faston ya yi shiru a daidai wurin, ba a jin komai sai shuuu ɗin kaset. Tsohuwar ta rufe ido, ta karkata kai tana saurare. Bayan ɗan lokaci ta sauke hannun, wa'azi ya ci gaba.

A bakin ƙofar coci ta yanke hukunci, tun kafin ɗanta ya buɗe baki.

"Na san abin da ya kawo ki, ba sai an faɗa mini ba. Garrett nan zai dawo, ya tsaya inda ubansa ya tsaya, ya faɗi abin da ubansa ya faɗa. Ke kuwa janye mini shi za ki yi zuwa birni, inda yaran suke. Ban yarda ba, ban kuma sa albarka ba."

Ba su yi nisa a hanyar komawa ba Darla ta fashe.

"Siriyos, Garrett? Shekara uku, ba ka taɓa gaya mini mamaci ne ke wa'azi a cocinku ba!"

"Darla, plis. Babana ne fa."

"Sori. Amma ka ga bakinka ɗazu? Kaset nawa ya bari?"

"Sun fi ɗari uku."

"To ya aka yi ka haddace wannan?"

Idonsa na kan titi. "Shi kaɗai take sawa. Kowace Lahadi."

"Saboda me?"

"Ban taɓa tambaya ba."

"Ka gaya mini gaskiya, wa zan aura? Kai ko shi?" Ta kifa kai a gwiwa tana kuka, shi ma hawaye na bin fuskarsa.

Da wata ce, da tun a nan ta cire masa zobensa ta kama gabanta, kuma ni da ban ga laifinta ba. Amma Darla tana son mutumin nan, son da ya fi ƙarfin fushinta. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi aikin gwaji a wani coci, sai kawai ta rubuta sunan cocin su Garrett. Malamarta ta zare tabarau ta dube ta.

"Makarantar Lahadi a cocin da babu yaro ko ɗaya? Wa za ki koya wa, benci?"

Lahadi huɗu ta yi zaune a matakalar coci da kwalin fensiran launi a cinya, ko kare bai zo ba. A ta biyar ta bi kwarin da ƙafa tana ƙwanƙwasa ƙofofi. Ashe yaran suna nan, a hannun kakanninsu, neman su ne ba a taɓa yi ba. Ta samu uku, suka zama shida. Mama Opal ta ce ba za su shiga ciki su yi wa Fasto hayaniya ba, don haka a gindin bishiya ake karatu. Kowace Lahadi Darla sai ta gaishe ta da ladabi, kowace Lahadi tsohuwar sai ta wuce kamar ba da ita ake ba. Garrett kuwa sai ramewa yake yi a tsakaninsu.

Ran nan a watan Nuwamba aka tashi da ruwa mai sanyin ƙanƙara. Darla ta dubi yaran suna rawar ɗari, ta lallaɓa da su bencin baya, ta ɗora yatsa a baki. Suka yi tsit, abin mamaki, har aka kai inda Mama Opal ke ɗaga hannu. Kowa ya ɗauke numfashi. A daidai lokacin ɗigon ruwa ya faɗo daga rufi, tal, a tsakiyar sanƙon Kawu Virgil. Birdie, 'yar shekara huɗu, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Kun rufe mini ita!" Mama Opal ta ƙwalla ƙara. "Kun rufe mini ita!"

Ta ruga mumbari, ta mayar da kaset baya, ta danna, ta sake mayarwa. Muryar Fasto ta fara ja tana kauri, tana nishi, sannan ta ɗauke. Da ta fizgo kaset ɗin, zarensa ya biyo a cukurkuɗe, tsinkakke. Ta juyo da ido jajir.

"Alton, hau ka ƙarasa! Ka san shi!"

Garrett ya miƙe kamar mai tafiya cikin barci. Taku ɗaya, taku biyu. A gindin mumbari ya tsaya.

"Ba zan iya ba, Mama. Baba ya rasu."

Kaset ɗin ya suɓuce daga hannun tsohuwar. Ta nufi ƙofa, ta tsaya a gaban Darla. "Kada in ƙara ganin ƙafarki a kwarin nan." Ta fita cikin ruwan.

Darla ce ta tsinci kaset ɗin a ƙasa. A hanyar komawa ta rage gudu a kan gada, ta dubi rafin, zuciyarta ta ce jefa shi kowa ya huta. Ba ta jefa ba. Washegari da hantsi ta zauna a ɗakin kayan koyarwa na kwaleji, inda suka saba gyara kaset-kaset na waƙoƙin yara. Ta kwance shi, ta miƙe zaren da yatsa, ta haɗa da salatif, ta naɗe da fensir. Kwanan watan da ke jikinsa ya ba ta mamaki: ba wa'azinsa na ƙarshe ba ne, shekara uku ma kafin a haifi Garrett aka ɗauke shi. Ta kai shi wurin shirun nan, ta ƙure murya, ta kanga kunne.

Can ƙarƙashin shuuu ɗin, nesa, kamar daga bayan bango, wata ƙaramar yarinya tana dariya. Sai kuma siririyar murya: "Mama, ga ni nan!"

Darla ta kashe na'urar, ta zare kaset ɗin.

Da la'asar ta isa gidan. Ta tarar da Mama Opal a kicin cikin kayan jiya, murhu ba wuta, Garrett na tsakar gida yana faskare.

"Ban ce kada in—"

"Kin faɗa, Mama. Wannan kawai na kawo." Ta ajiye kaset ɗin a kan tebur. "Kalma biyu ne na Fasto suka tafi. Ita tana nan, ba abin da ya same ta."

Tsohuwar ta zuba mata ido.

"Mama, yaya sunanta?"

Da ƙyar sunan ya fito daga bakin Mama Opal, kamar ya yi tsatsa.

"Junie," ta ce daga ƙarshe. "Shekararta huɗu. Tana ajin yara ran nan, ta hango ni ta taga. Ran Larabar makon rafi ya cika, ta bi kyanwa..." Kuka ya ƙwace mata. "Alton ya ce Ubangiji ya bayar ya karɓa, kada a ƙara ambatonta. Aka kwashe hotuna. Duk cocin nan sun sani, ba mai furtawa, ko Garrett bai san yana da yaya ba. Shekara ashirin da biyar, yarinya, ba wanda ya tambaye ni sunanta!"

Darla ta durƙusa ta rungume ta, suka yi kukan tare har ya ishe su.

"Da kin jefa shi a rafi, ai da kin huta da ni."

"Na yi tunanin haka a kan gada, Mama, ba zan yi miki ƙarya ba."

"Ja'ira!" Tsohuwar ta yi dariya cikin hawaye, ta share fuska da gefen riga. "Ita 'yar nan da na tsorata jiya, za ta dawo kuwa?"

"Birdie? In kin je da kanki kin ba ta haƙuri."

"Zan je. Leƙa ki kira mini ɗana, ina da labarin da zan ba shi." Ta riƙe hannun Darla gam kafin ta sake shi. "In ya shigo ki tsaya, kada ki fita. Maganar gida ce, kuma ke 'yar gida ce. Allah ya yi muku albarka, ku biyun."

A watan Mayu, mako guda bayan sun karɓi takardunsu, aka ɗaura auren. Ba a raba su da Mama ba, ba a kuma ɗaure su a kwarin ba. Su da kansu suka zaɓi zama.

'Yan mata, ku ji wannan da kyau. Ba duk uwar da ta tare muku hanya ce muguwa ba. Wata ciwo ne ke cin ta wanda ba a taɓa bari ta faɗa ba. Darla ta samu damar karya tsohuwar nan ta ɗauke ɗanta, sai ta yi haƙuri ta saurara. Ta zo neman miji, ta samu har da uwa.