Kabad Ɗin Baba

"Wallahi ko tarkacen nan su bar gidan, ko ni in cire hannuna daga sha'aninki!"

Yaya ce tsaye a ƙofar falo, tana toshe hanci saboda warin fenti. Auta ko ɗagowa ba ta yi ba, sai ma ta ci gaba da goge ƙafar wata tsohuwar kujera da sanfefa, takardar gugar katako. Tun rasuwar iyayensu Yaya ce uwa, ita ce uba, amma yau Auta ta sha alwashin ba za ta tanƙwaru ba.

"Saura kiris bikinki, ki cika ɗaki da kayan da wasu suka yar? Haba Auta! So kike a ce mun gaza?"

"A ce mana, Yaya. Baki dai nasu ne."

Tunda aka fara gyaran gidan da za ta tare, Auta da angonta Dogo suka bi rumfunan dillalan tsofaffin kaya, suna tsinto teburi da kujeru, su kankare, su shafe da mai har su yi sheƙi. Jiya suka samo wani kabad mai ƙofa ɗaya a karye. Auta na buɗe shi ta fashe da kuka.

Dogo ya fito daga bayan kabad ɗin, kansa fari fat da ƙurar katako, ya durƙusa.

"Yaya, ki yi haƙuri. Abin da take so ni ma shi nake so..."

"Kai rufe min baki! Kai ka lalata ta!"

Auta ta miƙe.

"Masoyi, buɗe mata."

Ya buɗe. A jikin ƙofar daga ciki akwai zane-zane da ƙusa, layi bisa layi, inda Baba ke auna tsawonsu suna yara. Wannan kabad ɗin Yaya ta sallamar wa dillali lokacin da aka kwashe gidansu, don ganinsa kawai yana sa ta kuka.

"Ko'ina za mu goge, ban da nan," in ji Auta. "Kuma a ɗakina zai zauna. In kin fasa zuwa bikin, Baba dai ya riga ya iso."

Yaya ta ɗora yatsa a kan layin da ya fi kowanne tsawo, nata. Hawaye suka zubo mata. Sannan ta naɗe hannun rigarta.

"Kai Dogo, miƙo min sanfefar. Wannan gugar taku ta ragwaye ce."