Wasiƙa a kan Faifai

A wani gari can, an yi wata yarinya, Hansatu, mai koyon Jamusanci a makaranta. Tana zaune da kakarta, wadda ɗanta ya daɗe a ƙasar Jamus.

Wata rana wasiƙa ta zo da Jamusanci daga 'yar ɗan nan, wadda aka haifa can, ba ta jin Hausa. Kaka ta ce, "Karanta mini, 'yar nan."

Hansatu ta duba, ta sake dubawa. Kalmomin suka yi mata kama da juna kamar tagwaye. Zuciyarta ta ce ta ƙaga wani abu mai daɗi ta faɗa, ai Kaka ba za ta gane ba. Amma sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Kaka, sun rikice mini."

Tsohuwa ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko faifai, ta zuba gero a gefe, maiwa a gefe. Ta ce, "Ina kamarki, ni ma iri ɗaya nake ganinsu, sai da na riƙa jera su kusa da juna ina kallo."

Hansatu ta rubuta kalmomin a guntayen takarda, ta jera su a faifan biyu-biyu. Ta duba yau, ta duba gobe, ta duba jibi.

Rana ta huɗu ta karanta, tana fassarawa: "Baba ya ce hannuna irin naki ne. Ina so in zo mu gwada."

Kaka ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ce, "Maimaita mini wurin nan, a hankali."