Ratar da Na Bari

Hadari ya haɗo bayan magariba, tagar ɗakinmu a fashe, ga 'yarmu Auta kwance tana jan numfashi da ƙyar. Shekara ashirin ina sa wa tagogin mutane gilashi, tawa kuwa sai yau na waiwaye ta.

Na yanko gilashin, na rage shi kaɗan yadda muka saba, don katako yana kumbura da damina, in ba rata sai ya fasa shi. Amma da na ɗora gilashin a tagar na ɗauki guduma sai iska ta turo min shi. Matata na rungume da yarinyar.

"Ya Allah, ko mutum ɗaya ya riƙe min," na ce.

Sai ga wata tsohuwa a waje. Ta ɗora tafin hannu, gilashin ya lafe a gurbinsa. Na hau buga ƙusa ina sa mata albarka. Numfashina yana dusashe gilashin, ɓangarenta kuwa tas. Ruwa na zuba, mayafinta a bushe.

"Ka bar ratar?" ta tambaya. A bayan kunnena na ji muryar.

"Na bari, Iya. Amma ko allura ba za ta wuce ba."

"Ta ishe ni," ta ce, idonta a kan Auta.

Matata ta ɗago kai. "Baban Auta, da wa kake magana? A hawa na uku fa muke."